Koko Zalla Ba Ya Riƙe Yaron Da Aka Yaye

A shekarar 1933 wata likita, Cicely Williams, wadda ke aiki a asibitin yara na Akra ta ƙasar Gana, ta bayyana wata cuta mai hallaka ƙananan yara. A 1935 ta kira ta da sunan da ƙabilar Ga ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yaye shi don an sami cikin ƙanensa. Ta lura yaran nan ba a ba su kome sai kunun masara.

To, mu ma nan cutar ba baƙuwarmu ba ce, tana cikin abin da muke kira tamowa. Sai a ga ƙafafun yaro sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ya daina wasa. Nan da nan a ce maita ce, ko kuwa ya sha nonon ciki. Alhali kuwa tun ran da aka cire shi daga nono koko tsararo yake sha safe da yamma. Koko yana cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ga shi cikin yaro ƙarami ne, ruwa ya riga ya cinye wurin.

Abin takaici, maganin yana cikin rumbunanmu da kasuwanninmu. A auna gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare, a riƙa dama kunu mai kauri da shi. In an ɗiga manja cokali guda, ko an barbaɗa garin zogale, an yi wa yaro rigakafin dundumi. Ƙwai kuwa, da waɗansu ke hana yara wai kada su tashi da sata, ba mu taɓa jin alƙalin da ya kama ɓarawo da wannan hujja ba. Kafin wata 6 dai nonon uwa kaɗai ya isa, ko ruwa ba a bukata.

Malaman makaranta, a ganinmu darasin kiwon lafiya da ya tsaya kan allo bai yi aiki ba. A sa yara su kawo ɗan gero da gyaɗa daga gida, a dama kunun a gabansu, su ɗanɗana, gama yarinyar da ke aji yau ita ke goyon ƙanenta da la'asar. Sa'an nan a nemi ungozoma da malamin asibiti a nuna wa mata ranar suna.

Akawuna kuwa, ku ne masu cefane. Tsokar da ake tara wa maigida a kwano, a gutsura wa wanda aka yaye tukuna. Yaron da ƙafafunsa suka riga suka kumbura, kada a tsaya dama masa kunu, a kai shi asibiti ran nan.