Yadda Ake Bin Salsalar Maƙeran Bindiga Na Farko A Amurka

Masana tarihi a ƙasar Amurka sun daɗe suna ƙoƙarin gano mutanen da suka ƙera dogayen bindigogin da mafarauta da mayaƙa suka riƙe a ƙarni na 18. Wahalar aikin ita ce, da yawa daga cikin bindigogin nan ba su ɗauke da sunan kowa, saboda haka sai an bi asalin maƙeran kafin a san hannun da ya yi su.

Baƙi daga Jamus da Suwizalan ne suka kafa wannan sana'a a yankin Pennsylvania, musamman a Lancaster. Sana'a ce ta gado, watau uba ya koya wa ɗansa, maigida kuma ya koya wa yaronsa. Ta haka salon sassaƙar ƙota da adon tagulla na kowane gida yakan bi zuriya da almajirai duk inda suka koma.

Alal misali, William Henry, wanda aka haifa a 1729, ya koyi ƙira a hannun Matthew Roesser a Lancaster. Ɗansa, shi ma William, ya yi koyo a garin Lititz wajen Andreas Albrecht, mutumin Jamus. Jikansa kuwa, har wa yau William, shi ya gina masana'antar bindiga ta Boulton a 1812. Haka nan Christian Hawken na Hagerstown a jihar Maryland ya haifi Jacob da Samuel, waɗanda suka kai sana'ar birnin St. Louis, inda suka yi suna.

Masu binciken sukan dogara ga littattafan majami'u na haihuwa da aure, da takardun haraji, da wasiyyoyi, da kuma yarjejeniyar koyon sana'a. Amma tilas su yi hattara, domin suna ɗaya yakan maimaitu a gida guda, kamar yadda aka gani a gidan Henry. Sa'an nan sunayen Jamusanci sun riƙa sauyawa: ɗan Albrecht, shi ma maƙeri, an san shi da Henry Albright.

Idan aka ɗauki ɗa a matsayin uba, ana iya ƙara wa bindiga shekara talatin da ba nata ba. Kuskure irin wannan yakan ɓata bayanin gidajen adana kayan tarihi, ya kuma jawo wa mai saye asarar dukiya.