Bin Sawun Igiyoyin Nauyi da Hasken Eksire da na Gaban Shuni

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana taurari ke bin sawun igiyoyin nauyi, wato girgizar da ke ratsa sararin samaniya idan manyan taurari suka yi karo. Na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suna jin wannan girgiza, amma ba su ganin inda ta fito. Sai dai su yi nuni da wani yanki mai faɗi na sama, kamar mai jin tsawa cikin duhu. Gano ainihin wurin aikin masu neman haske ne.

2.0 Haske Iri Biyu

Akwai hasken da ido ba ya gani. Na farko shi ne eksire, wanda jama'a suka sani wajen ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Na biyu shi ne wanda ke gaba da shuni a jerin launukan bakan gizo, kuma alama ce ta matsanancin zafi. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye eksire gaba ɗaya, da mafi yawan na gaban shuni. Saboda haka ko an kafa madubin hangen nesa a kan dutsen Zuma, ba za a gan su ba. Dole sai da taurarin ɗan'adam irin su Chandra, wanda aka harba a 1999, da Swift na 2004.

3.0 Karon 17 ga Agusta, 2017

Girgizar farko da aka ji a 2015 ta baƙaƙen ramuka ce, ba a ga haskenta ba. Ta ranar Alhamis, 17 ga Agusta, 2017, da ƙarfe 1:41 na rana agogon Nijeriya, ta curarrun taurari biyu ce. Bayan kimanin sa'a 11 aka hango wurin daga ƙasar Chile, cikin gungun taurari na NGC 4993, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130.

Swift ya juya can, ya tarar da hasken gaban shuni mai ƙarfi bayan sa'a 15, wanda ya dushe cikin 'yan kwanaki. Wannan ya nuna tarkacen da karon ya watsar yana da zafi ƙwarai, kuma yana hucewa da sauri. Da an yi jinkirin kwana uku, da wannan shaida ta wuce.

Eksire kuwa shiru. Sai bayan kwana 9 Chandra ya gan shi, ya yi ta ƙaruwa har wajen wata biyar kafin ya fara raguwa. A nan ne darasin ya fi armashi, domin shirun kansa hujja ne. Karon ya harbo wani siririn tsiri mai gudun da ya kusa na haske, amma bai fuskanci duniya ba. Da ya fuskance ta, da an ga eksire nan take. Sai da tsirin ya rage gudu ya bazu, sannan haskensa ya iso.

Ba kowane nema ke dacewa haka ba. Karon da aka ji ranar 25 ga Afrilu, 2019, yankin da aka nuna ya yi faɗi ainun, aka duba, ba a ga haskensa ba.