Barci da Farkawar Jariri da Dare: Abin da Harshen Hausa Ya Rarrabe

1. Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne a duba kalmomin da Bahaushe ya ke amfani da su a kan barcin jariri da farkawarsa cikin dare, sa'an nan a gwada su da abin da masanan jikin ɗan Adam suka gano. An ɗauki ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, a matsayin abin misali saboda dalilai biyu. Na farko, Hausar wannan yanki tana da wata siffa da ta shafi wannan magana kai tsaye. Na biyu, a shekarun nan dare ya yi wa iyaye mata na can nauyin da bai yi wa na wasu wurare ba. Abin da za a nuna shi ne, farkawar jariri da dare ba ciwo ba ce, ba kuwa alamar rashin iya reno ba ce. Abin da ya kamata malami ya koya wa ɗalibansa shi ne yadda za su bambanta farkawar lafiya da ta ciwo, kuma harshenmu ya riga ya tanadi kalmomin yin haka.

2. Barci da kwana

A daidaitacciyar Hausa, barci shi ne runtsawa, kwana kuwa shi ne wucewar dare a kan mutum, ko ya runtsa ko bai runtsa ba. Shi ya sa a ke iya cewa mai jinya ya kwana a zaune, ko ya kwana bai yi barci ba. Amma a Hausar yamma, watau ta Katsina da Zamfara da Sakkwato, kalmar kwana ta kan ɗauki ma'anonin nan duka biyu. In Bakatsine ya ce yaro yana kwana, barci ya ke nufi, ko da rana tsaka ce. Faskari tana iyaka da Zamfara, saboda haka wannan amfani ba baƙo ba ne a can.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ma'aikacin lafiya. In ya tambayi uwa, "Yaron ya kwana lafiya?", ta kan ɗauke shi gaisuwa, gaisuwa kuwa ba ta da amsa sai "Lafiya lau". In ya ce, "Yana kwana?", za ta ce i, domin ba jaririn da ba ya runtsawa. Tambayar da za ta fito da abin da a ke nema ita ce wadda ta ambaci aiki da adadi: "Sau nawa ya tashi ya sha nono tsakanin lisha da asuba? Da ya sha ya koma, ko ya yi ta kuka?"

Akwai kuma abin lura a ginin jimla. Mu kan ce barci ya ɗauke shi, barci ya kwashe shi, barci ya sace shi, har a ce barci ɓarawo ne. A duk waɗannan, barci ne mai aikatawa, mutum kuwa shi a ke aikatawa a kansa. Haka nan in aka duba azuzuwan aikatau bisa tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, za a ga kwanta tana da takwararta a aji na biyar, watau kwantar da, farka kuma tana da farkar da. Amma barci suna ne, ba shi da irin wannan siga. Iyakar abin da a ke cewa shi ne a sa yaro barci, ta hanyar goyo ko jijjigawa ko waƙar reno. Watau uwa tana da ikon kwantarwa da rarrashi, amma zuwan barcin kansa ba a hannunta ya ke ba. Binciken masana bai saɓa wa wannan ba.

3. Yadda barcin jariri ya ke

A 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago a Amurka suka bayyana cewa barci ba iri ɗaya ba ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Akwai lokacin da idanu su ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, akwai kuma lokacin da jiki ya ke natsuwa sarai. Babban mutum ya kan zagaya waɗannan matakai cikin misalin minti 90. Jariri kuwa zagayensa gajere ne, misalin minti 50 zuwa 60, kuma kusan rabin barcinsa na marar nauyin ne, wanda a cikinsa ya ke mutsu-mutsu, yana yamutsa fuska, yana murmushi, numfashinsa yana hawa da sauka. A ƙarshen kowane zagaye ya kan matso kusa da farkawa.

Sabon haihuwa ya kan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma gutsi-gutsi. Dalili na farko, cikinsa ƙarami ne, nono kuma yana saurin narkewa, saboda haka yana bukatar sha sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Dalili na biyu, ba a haihuwar jariri da sanin dare da rana. Agogon jiki, wanda hasken rana ya ke saitawa, ba ya kankama sai wajen wata biyu zuwa uku, sa'an nan ne barcin ya kan fara taruwa wajen dare. Haka kuma kukan maraice marar dalili ya kan yi tsanani wajen mako na shida, ya lafa wajen wata uku ko huɗu. Ga wanda ya san al'adarmu, mako na shida shi ne daidai ƙarewar arba'in, lokacin da mai haihuwar fari ta ke shirin barin gidan iyayenta, inda ta je goyon ciki da wankan jego, ta koma ɗakinta. Ke nan tana rabuwa da masu taya ta reno a daidai lokacin da kukan ya fi yawa. Ya kamata miji da dangi su san da wannan.

4. Ma'aunin da aka aro

Littattafan reno da a ke fassarowa daga Turanci su kan sa wa iyaye ran cewa jaririn kirki shi ne wanda ya ke barci tun daga dare har safe ba ya motsi. Yana da kyau a san inda wannan ma'auni ya fito. A 1957, Moore da Ucko suka buga binciken da suka yi a kan jarirai a birnin Landan, suka ce misalin kashi 70 cikin 100 sun daina tashin dare a wata uku. Amma fa abin da suka kira rashin tashin dare shi ne daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 5 na asuba kaɗai, kuma kusan rabin waɗanda suka daina sun sake komawa tashi daga baya. Ban da haka, a Ingila ta wancan zamani madarar kwalba ta yawaita, jarirai kuma a gadonsu dabam a ke kwantar da su.

Da Charles Super da Sara Harkness suka duba jariran Kipsigis a ƙasar Kenya, inda yaro ya ke kwana jikin uwarsa yana shan nono duk sa'ad da ya so, sai suka tarar barcinsu mafi tsawo bai cika wuce misalin awa 4 ba har zuwa wata takwas. Waɗannan yara lafiyayyu ne. Renon Hausa ya fi kama da na Kipsigis nesa ba kusa ba. Saboda haka malamin da ya koya wa ɗalibansa ma'aunin Landan, ya ba su mudun wata kasuwa su yi awo da shi a tamu. Illar haka ba ƙarama ba ce: uwar da aka sa ta yi tsammanin nononta ba ya ƙosar da yaro za ta fara ba shi ruwa ko koko tun bai isa ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla ya kamata a ba shi har wata shida.

5. Kalmomin farkawa

Hausa tana da kalmomi aƙalla huɗu a nan, kowacce da abin da ta ke nunawa.

Mutsu-mutsu, ko motsi. Wannan yana cikin barci marar nauyi. Yaro bai farka ba, in aka yi masa ɗan jinkiri sau da yawa ya kan zarce da barcinsa. Saurin ɗaukarsa shi ke farkar da shi.

Farkawa. Buɗe ido ne tsakanin zagaye da zagaye. Kowane jariri yana yi, sai dai wani ya koma shiru, wani ya nemi uwarsa.

Tashi. Farkawa ce mai bukata: yunwa, ko jiƙewa, ko zafi, ko cizon sauro. In an biya bukatar ya kan koma.

Firgita. A kan ce ya farka firgigit, ya ware hannuwa kamar zai faɗi, sa'an nan ya dunƙule su. A al'adance a kan danganta wannan da iska, shi ya sa wasu su ke ajiye wuƙa wajen kan jariri ko su rataya masa laya. Likitan yara Ernst Moro ya siffanta wannan motsi a 1918. Halitta ce ga kowane lafiyayyen jariri, tana kuwa gushewa da kanta wajen wata huɗu zuwa shida. Amma firgita dabam, taune-taune ko sanƙarewa da kafewar ido dabam. Na biyun ciwo ne na gaggawa.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci. Jaririn da ya ke tashi ya sha nono da ƙarfi ya koma, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ba ya tashi: wanda barci ya yi masa nauyi har sai an girgiza shi kafin ya motsa, ko ya ƙi kama nono. Sauran alamun su ne zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi da sauri (sau 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata biyu ba), lotsawar ƙirji in ya ja numfashi, da faɗawar maɗiga in yana gudawa. Wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, asibiti za a nufa da shi, ba a jiran gari ya waye in da hali.

6. Dare a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Sharaɗin nan na "in da hali" shi ne ya kawo mu ga yankin da aka ambata. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. Da dare ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka. A irin wannan hali, uwar da ke ƙauye ita ce za ta yanke shawara da tsakar dare, ko ta jira safiya ko a kama hanyar asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Sanin bambancin tashi da rashin tashi shi ne zai hana ta fita cikin haɗari a kan firgitar da ba ciwo ba ce, ya kuma hana ta zama da yaron da numfashinsa ya riga ya canja.

Akwai wani haɗari kuma. Inda a ke tsoron kada kukan yaro ya tona maɓoya, ko inda gajiya ta kai wa uwa iyaka, zuciya ta kan raya a ba shi abin da zai sa shi barci. Maganin mura da na tari masu sa gyangyaɗi, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, suna iya danne numfashin jariri, kuma suna ɓoye alamar nan ta nauyin barci wadda a ke gane ciwo da ita. Abin da ya fi saurin sa jariri shiru, ba tare da illa ba, shi ne nono da ɗumin jikin uwarsa.

7. Abin da za a koyar

A kwantar da jariri rigingine, ba rub da ciki ba. Tun da aka yi yekuwar wannan a Ingila a 1991 da Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai a ƙasashen biyu. Shimfiɗa ta zama mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuska. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fi son ɗaki ɗaya amma shimfiɗa dabam. Inda kuwa yaro ya ke kwana jikin uwarsa, kamar yadda mu ke yi, kada a sa shi tsakanin yayyensa, ko kusa da mai shan taba ko wanda ya sha magani mai sa barci. A lokacin jego a nisanta shi da hayaƙi da zafin wutar da a ke hurawa a ɗaki. A tura bakin gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa, musamman da damina. Da safe a fito da shi ya ga haske, da dare kuwa a shayar da shi cikin duhu-duhu ba tare da wasa ba, domin agogon jikinsa ya saitu. In yana goye, a lura kada zane ya rufe masa hanci.

Ga masu fassara da masu shirya darussa a kwalejojin horon malamai da makarantun ungozoma, shawarata ita ce a bar ƙirƙiro wa ma'aunin waje suna, a ɗauki kalmomin da iyaye mata su ke faɗa da bakinsu, watau mutsu-mutsu da farkawa da tashi da firgita, a gina darasi a kansu. Tattara yadda a ke amfani da su a karin harshen Katsina ta kudu, tare da waƙoƙin reno na yankin, aiki ne da ya dace da ɗaliban wannan sashe da suka fito daga can.