Lasifika mai ƙaho: Sirrin ƙara ba a yawan wat yake ba

Idan matashi ya shiga kasuwa sayen sifika, tambayarsa ta farko ba ta wuce "wat nawa ce?" Mai shago kuwa ya san lagonsa, sai ya nuna masa kwali an rangaɗa lamba mai sifili uku a jiki. To amma ɗan'uwa, ɗaga kai ka dubi lasifikar masallacin unguwarku. Da yawa daga cikin irinta ba su wuce wat 30 ko 50 ba, ga shi kuma kiran sallar asuba yana tsallake layi biyar ya iske ka har kan katifa. Me ya ba ta wannan ƙarfi? Ba komai ba ne illa siffarta: ƙaho.

Wannan siffa ce ta sa dubban mutane a Japan da Jamus da Amurka da Jamaika suka mayar da haɗa lasifika mai ƙaho a gida abin sha'awarsu. Kai ma za ka iya, muddin ka fahimci dokarta kafin ka ɗauki zarto.

Yadda ƙaho ke aiki

Sifika ba ta da wani aiki sai tura iska gaba da baya. Matsalar ita ce faifanta yana da nauyi, iska kuwa ba ta da shi. Kamar ka sa tafin hannu kana dukan iska ne, wahala da yawa, amfani kaɗan. Shi ya sa sifikar akwati da ka saba gani ba ta mayar da abin da ya wuce kusan kashi 1 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti. Sauran duk zafi yake zama.

Ƙaho yana gyara wannan. Yana farawa da ƙuntataccen maƙogwaro, inda iska ke matsewa ba ta da wurin gudu, dole ta karɓi turin faifan. Daga nan sai hanyar ta riƙa buɗewa sannu a hankali har zuwa baki mai faɗi. Ƙaho mai kyau kan mayar da kashi 10 zuwa sama da 30 na wutar zuwa sauti. Dabarar da ke jikin kakaki da algaita ke nan, ita ce kuma ke sa ka dunƙule hannu a baki idan za ka kira wani daga nesa.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Ana auna ƙarar sifika da desibel, a ba ta wat 1, a tsaya nisan mita 1. Sifikar ɗaki kan ba da 85 zuwa 90, babban ƙaho kuwa yakan haura 100. Duk ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wuta sau biyu. Ke nan tazarar desibel 15 daidai take da ninki kusan 30. Wato ƙarar da sifikar akwati ke bayarwa da wat 90, ƙaho zai ba da ita da wat 3. A inda wuta ke zuwa yau ta ɗauke gobe, kowa na lallaɓa batir da sola, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Waɗanda suka riga ka

Ƙaho ya girmi amfilifaya. Garmaho na farko ba ya amfani da lantarki sam, allura ce da ƙaho kawai. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, amfilifayar lokacin 'yan wat kaɗan take bayarwa, sai kamfanin Western Electric ya riƙa girka manyan ƙahoni a bayan allon silima domin murya ta cika zaure.

A 1946 wani injiniya mai suna Paul Klipsch ya fara ƙera Klipschorn a garin Hope da ke jihar Arkansas a Amurka. Ya naɗe ƙahon a cikin akwati, sannan ya ce a ajiye shi a kusurwar ɗaki, bangon nan biyu da ƙasa su zama ci gaban bakinsa. Har yau ana ƙera shi. A Japan kuma marubuci Tetsuo Nagaoka ya shafe shekaru yana wallafa zanen akwatuna a mujallu, mutane suna yanka katako suna haɗawa a gida. Matasan Jamaika ma da hannunsu suke haɗa tulin akwatunan da suke kafawa a wuraren kiɗa, kowace ƙungiya tana alfahari da nata. Mafi yawan waɗannan mutane ba su da masana'anta. Awo suka iya.

Ba a wayo da tsawon sauti

Nan ne masu gaggawa ke asarar kuɗi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda, kuma kowace murya da tsawon zangonta. Siririyar murya mai hatz 500 zangonta santimita 69 ne. Bes mai hatz 100 kuwa mita 3.4, mai hatz 50 ya kusa mita 7.

Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce kewayen bakin ƙaho ya kai kusan tsawon zangon murya mafi kauri da kake so ya fitar. Don hatz 500, baki mai faɗin santimita 22 ya isa. Don hatz 100 kuwa, sai ya haura mita 1. Ka ga dalilin da ya sa lasifikar masallaci ke fitar da magana tar amma ba ta da bes ko kaɗan. Ka kuma ga hikimar Klipsch, domin kusurwar ɗaki na rage girman bakin da ake buƙata zuwa kusan kashi ɗaya bisa takwas.

Buɗewar ma da lissafinta. A irin ƙahon da aka fi sani, girman filin ramin yana ninkuwa biyu a kan tazara ɗaya tak. Don hatz 100, duk bayan kamar santimita 19 ne. Ka buɗe da sauri, bes ya gudu. Saboda haka ba a yin wannan aiki da "kafinta, yi min irin wancan". Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna Hornresp, wadda David McBean ya rubuta, da ke nuna maka yadda ƙaho zai yi kafin ka taɓa katako.

Ta ina za ka fara?

Fara da kwali. Naɗe shi kamar mazurari mai tsawon rabin mita, ka kafa ƙaramin bakin a kan sifikar wayarka, ka saurara. Ƙara za ta ƙaru, amma za ka ji muryar ta koma kamar ta mai mura. Darasi biyu ke nan a kyauta: ƙaho na ƙara ƙarfi, mummunan ƙaho kuma na ɓata murya.

Aikin farko na gaske shi ne ƙahon baya. Sifika ɗaya ce mai inci 4 zuwa 8, fuskarta na kallonka, sautin bayanta kuma na bin naɗaɗɗiyar hanya mai tsawon mita 1 da rabi zuwa 2 a cikin akwatin kafin ya fito ta ƙasa. Kamfanin Fostex na Japan kan fitar da zanen irin wannan akwati tare da sifikunsa, kuma ana samun zanen a intanet. Kada ka sa ran desibel 105 a nan. Abin da za ka samu 90 da 'yan kai ne, amma ya ishe ka cika falo da ƙaramar amfilifaya mai aiki da batir na bolt 12.

Wajen zaɓen sifika, nemi mai babban maganaɗisu da faifai marar nauyi, wadda kuma ke da takardar bayanan awonta. Wadda ba ta da takarda, caca ce. Katako kuwa, filawud mai kaurin milimita 15 zuwa 18 ya fi MDF jure damina, domin shi MDF da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje. Idan ba ka da injin yanka, kai wa kafinta awo a rubuce, ka tsaya a kansa. Kowace gaɓa ta sha gam sosai, don rami ɗaya da iska ke zurarewa ya isa ya kashe bes ɗin gaba ɗaya. Kada ka liƙe gefen ƙarshe sai ka matse shi ka gwada, ka ji da kunnenka. Ka kuma rufe hanci lokacin yanka da goge katako, ƙurar nan ba ta yi wa huhu daɗi.

In ka kai ga ƙara tuwita mai ƙaho, kada ka jona ta kai tsaye, bes zai ƙona ta nan take. Kafasito marar kan fosi da nega mai maikurofarad 10, a jere da tuwita mai om 8, yana tare muryoyin da ke ƙasa da kusan hatz 2,000.

Kunnenka da maƙwabcinka

Abin da ya sa ƙaho daɗi shi ne kuma haɗarinsa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, duk ƙarin 3 kuma sai a raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ne kacal. Babban ƙaho na kai nan da wat 1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In ka tashi daga sauraro kunnenka na ƙugi, to ka wuce gona da iri. Ƙaho kuma harba sauti yake yi inda ya fuskanta, don haka duba tagar wa ka saita kafin ka murɗa.

Wanda ya kammala akwati biyu da hannunsa ya koyi karanta zane, da awo, da jona waya, da gane aibin sauti da kunne. Masallatai da makarantu da gidajen kallo da masu kiɗan biki duk suna neman mai wannan ilimi, don sau da yawa matsalarsu ba ƙarancin wat ba ce, rashin wanda ya san inda zai kafa lasifikar ne. Kafin ka je 'yan katako dai, nemi kwali da almakashi da abin awo, ka fara da su a ƙarshen makon nan.