Madubin da Ke Zaɓen Haske



Akwai wani haske da ido ba ya gani, masana na kiransa terahaz. Mazauninsa tsakanin maikirowef da infared, kuma terahaz ɗaya na nufin kaɗawa sau tiriliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda. Yana ratsa takarda da tufafi da roba, ruwa na shanye shi, ƙarfe kuwa mayar da shi yake yi.

Wani irinsa murɗawa yake yi yana tafe, kamar tufkar igiya, wani ta dama, wani ta hagu. Madubin da muka saba da shi ba ruwansa da wannan bambanci, duka biyun yake mayarwa, ya kuma juya musu hannu. A shekarar 2015 Eric Plum da Nikolay Zheludev na Jami'ar Southampton a Ingila suka gwada wani madubi da maikirowef, wanda ke haɗiye hannu ɗaya, ya sallami ɗayan yadda ya zo. Yanzu ana ƙera irinsa don terahaz.

Ku saurari yadda ake gina shi. Farantin ƙarfe a ƙasa, siririyar roba a tsakiya, sannan a sama a jera dubban ƙananan zane na zinariya, kowanne faɗinsa bai wuce 'yan silin gashi ba. Zanen karkatacce ne, ko ta ina aka raba shi biyu, ɓarin dama ba zai dace da na hagu ba. Hasken da murɗinsa ya dace da zanen sai ya maƙale, ya yi ta kai da komo tsakanin sama da ƙasa har ya koma zafi. Ɗan'uwansa kuwa ya tsira. Abin da ya fi burge ni ke nan, jama'a: zinariyar ba ta san dama da hagu ba, siffar da aka ba ta ce ke yin zaɓen.

To ina amfaninsa? Tun 1848 Louis Pasteur ya gano cewa sinadari ɗaya na iya zuwa da hannu biyu. Tubalan furotin na jikinmu kusan duk na hagu ne, kuma a harkar magani wani lokaci hannu ɗaya ke warkarwa, ɗayan ya zama banza ko ya cutar. Na'urar da za ta yi amfani da irin wannan madubi ta tantance su da terahaz ba tare da taɓa su ba, ba ƙaramin alheri ba ce.

Da sauran aiki dai, domin yawancin waɗannan madubai zango ƙalilan na hasken suke kamawa. Haka kuma, wasu masu bincike na sanya musu sinadarin banadiyam dayokzayid, wanda ke fara ɗaukar lantarki kamar ƙarfe idan zafi ya kai wajen digiri 68, don a iya kunna zaɓen a kuma kashe shi.