Fim Tsakanin Ciniki da Haya

A zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai ke ci, tun daga kaset har zuwa faifai, idan fim ya fito sai 'yan kasuwa su buga su rarraba har ya iso Bebeji da Kiru, kuma duk wanda ya saya ya mallaka ke nan, in ya so ya ba da aro, in ya so ya ɓoye a adaka. Yanzu kuwa al'amarin ya tashi daga abin da malaman fiƙihu ke kira bai'i ya koma ijara, wato amfanin abu ake bayarwa zuwa ajali sananne, asalinsa yana hannun mai shi.

Manomin shinkafa na Tudun Wada ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, domin ya san wanda ya karɓi hayar gona damina biyu yana da ikon noma da girbi, amma ranar da wa'adi ya cika, gona ta koma ga mai ita. Haka kamfanonin nuna fim ta intanet suke ƙulla yarjejeniya da furodusa, a ƙayyade shekaru, a ambaci ƙasashen da za a nuna, sa'an nan a fayyace ko kamfanin ne kaɗai zai nuna ko da abokan tarayya. Sharaɗin kaɗaitar nan shi ya fi tsada, kuma a kansa ake gasa, tun da mai kallo ba zai biya kuɗin wata ba don abin da ke ko'ina.

Daga cikin waɗannan kamfanoni, Netflix ya shigo Nijeriya a 2016, ya karɓi fim ɗin Lionheart a 2018. Northflix ya bayyana a 2019 da finafinan Hausa, Amazon kuwa ya janye hannu daga ɗaukar nauyin sababbin finafinan Afirka a 2024.

Sai dai a ganina babban abokin hamayyar waɗannan duka ba ya Amurka, yana zaune ne a ƙaramin shago a Kwanar Ɗangora da kwamfutarsa, wato mai turi, wanda zai cika wa mutumin Doguwa waya da finafinai a kan 'yan canji, ya tafi da su can bayan dajin Falgore inda sabis ke wuya kuma data ke tsada, galibi ba tare da ko kwabo ya kai ga mai fim ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu finafinan Izzar So da Labarina suka ɗora aikinsu a YouTube, kallo kyauta, mai talla shi ke biya.