Taron masu son barin giya

Sau nawa ka ji mutum ya ce: "Daga yau na bar giya"? Bayan kwana uku sai ka gan shi yana tangaɗi a hanya. Wataƙila ƙanenka ne. Wataƙila maƙwabcinka ne. Wataƙila ma kai ne da kanka. To, ka saurara da kyau.

Idan giya ta kama jikin mutum, ta zama ciwo. Tana cinye kuɗin cefane, tana lalata hanta, tana raba mutum da iyalinsa. Zagi ba ya warkar da wannan ciwo. Ɓoyo ma ba ya warkar da shi. Amma akwai wata dubara da ta taimaki mutane da yawa a duniya: mashaya su haɗu, su taimaki junansu.

Daga ina dubarar ta fito?

A shekara ta 1935, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson ya je garin Akron, a ƙasar Amurka. Ya yi wata biyar bai sha ba. Cinikin da ya kai shi garin ya lalace, sai ƙwaɗayin giya ya taso masa. Ya ji tsoro. Maimakon ya shiga gidan giya, sai ya nemi wani mashayi don su yi hira. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe wa aiki. Suka daɗe suna magana, kowa yana faɗin abin da giya ta yi masa. A watan Yuni na wannan shekara likitan ya sha kwalabarsa ta ƙarshe. Su biyun ba su sake sha ba har mutuwarsu.

Daga nan ƙungiya ta tashi. Sunanta Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA, wato mashayan da ba a bayyana sunansu. Yau tana cikin ƙasashe wajen 180.

Mi ake yi a wurin taron?

Mutane suna zama tare kamar awa guda. Ba alƙali, ba mai wa'azi. Duk wanda ke wurin ya san wahalar giya a jikinsa. Mai magana yakan faɗi sunansa na fari kawai, ya ce shi mashayi ne. Sannan ya ba da labarinsa: yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu. Sauran su yi shiru, ba mai katse shi.

Ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗi ɗaya ne: kana son ka bari. Idan ba ka son magana, ka zauna ka ji kawai. Abin da aka faɗa a ɗakin, a nan yake tsayawa.

Ba a ce ka rantse har abada ba. Ana cewa: yau kaɗai kar ka sha. Gobe in ta zo, ka sake cewa haka. Kuma sabon zuwa yakan zaɓi wani wanda ya daɗe da bari. In ƙwaɗayi ya taso, ko da tsakar dare ne, shi zai kira.

Ƙaƙa za ka samu taro?

Ka fara da asibiti. Wannan muhimmi ne ƙwarai. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, in ya bari farat ɗaya, jikinsa na iya ɓari, ya yi zufa, ya kasa barci. Wani har ya yi farfaɗiya ko ya ruɗe cikin kwana biyu ko uku. Wannan yana iya kisa. Saboda haka ka faɗa wa likita gaskiya: mi kake sha, nawa, tun yaushe. Sannan ka tambaye shi ko ya san inda masu son bari ke haɗuwa. Tun 2020 kuma ana yawan yin irin wannan taro ta intanet, a kan wayar hannu.

In babu taro kusa da kai fa? Ka tuna, mutum biyu suka fara. Ka nemi wani mai irin niyyarka. Ku sa rana da lokaci, sau ɗaya a mako. Ku zaɓi wuri nesa da inda ake sayar da giya ko burkutu. Ku riƙe sirrin juna.

Ranar farko kunya za ta kama ka, ƙafa ta yi nauyi. Ka daure ka tafi. In ka fāɗi ka sake sha, kar ka ce shi ke nan. Ka koma taron mako mai zuwa, za su karɓe ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Su wa suka fara wannan taro, kuma a wace shekara?
2. Don mi ake fara zuwa asibiti?
3. Mi za ka faɗa wa ɗan'uwanka da giya ta kama?